Musayar Waƙa: Da Wane Mudu Za a Auna Barry Marshall?

Mai Buɗe Fage
Salamu alaikum. Ƙwar biyu ce, amsa-amo "wa".

Mai binciken ciki in za a auna shi,
Tarin maƙalu ake bi wajen ƙirgawa?
Ko ko a leƙa ɗakin majinyata,
A ga ko takardar magani na sauyawa?
Ga Barry Marshall na Ostireliya a sikeli,
Malamai, wanda ya sani ya zo da amsawa.

Mai Duban Nama
Malam, ka ɗauko zance a tsakiya,
Robin Warren ne ya fara ganowa.
A 1979, asibitin Royal Perth,
Ɗan naman tumbi yake ta dubawa.
Sai ga ƙwayoyi masu lanƙwasa,
Ƙarƙashin yauƙin tumbi suna laɓewa.
Duk inda suke, wurin ya kumbura,
Alhali an ce asid ba ya barin mai rayuwa.
Marshall ya zo a 1981,
Mutum 100 suka zura wa kyamara don leƙawa.
58 ƙwayar na cikinsu,
Ga kuma adadin da ke girgizawa:
Masu gyambon farkon hanji su 13 ne,
Duk 13, ba ɗaya mai kuɓucewa.

Mai Renon Ƙwaya
Kun tsallake wahalar ɗakin gwaji,
Fiye da samfur 30 sun ƙi tsirowa.
Laifin na agogo ne, 'yan uwa,
Awa 48 faranti sai zubarwa.
Ƙwayar kuwa sai ta kwana 3 zuwa 5,
Da ɗumin jiki, iskar oksijin a ragewa.
Hutun Ista na 1982 ya ceci aikin,
Faranti ya kwana 5 ba mai taɓawa.
Aka dawo, ga ɗigo-ɗigo kamar raɓa,
Helicobacter pylori ce, sunan sai 1989 ya samu zaunawa.

Mai Ƙirgen Maƙalu
To bari in kawo mudun da jami'a ke so,
Jorge Hirsch a 2005 ya yi tsarawa.
In ka ji an ce h ɗin wane 20 ne,
Maƙala 20 ce, kowacce sau 20 an yi ambatawa.
Mudun mujalla kuwa ambaton shekara 2 yake kallo,
Nan ne fa lissafi ke karyewa.
A 1983 ƙungiyar likitocin ciki ta ƙasarsu
Ta mayar wa su Marshall da takarda, ba karɓawa.
Mujallar likitoci Lancet ta buga wasiƙunsu 2 a shekarar,
Cikakkiyar maƙala a 1984 ta samu fitowa.
Sai 1994 taron NIH, cibiyar binciken lafiya ta Amurka,
Ya ce a kashe ƙwayar in gyambo ake warkarwa.
Shekara 10 ke nan; mudun shekara 2
Ina zai ga abin da bai gama nunawa?
Kuma ambato ba ya rarrabe baki,
Mai yabo da mai musu ɗaya yake lissafawa.

Likitan Ciki
Yaya, na yarda, amma a rage gishiri
Kan kofin ƙwayar da Marshall ya yi shanyewa.
An duba cikinsa lafiya lau tukuna,
Aladu ya fara gwadawa, sun ƙi kamuwa.
Ya sha a 1984, sai amai da warin baki,
Kwana 10 kyamara ta nuna kumburawa.
Kumburi ya samu, gyambo bai fito ba,
Mutum 1 kuma bai isa hujjar rufewa.
Mai nauyin ita ce ta 1988 a Lancet:
In ƙwaya ta mutu, da wuya gyambo ke dawowa.
Kafin nan mai rage asid ake sha,
A daina, ciwo ya dawo yana gaisawa.

Mai Buɗe Fage
Nobel ta 2005 fa, su biyun suka raba,
Ba wanda ya tuna ta, abin dariya... af, dariyawa!

Mai Harhaɗa Magani
Malam, amsa-amon nan da ƙarfi ka ja shi,
Ni ga abin da ya iso teburin bayarwa.
Amoxicillin giram 1, clarithromycin miligiram 500,
Da omeprazole mai rage asid, safe da yamma a haɗiyewa.
Kwana 14 cif. Mai tsayawa a na 5
Ƙwaya yake koya wa bijirewa.
Inda bijirewar ta haura 15 cikin 100,
Haɗin 4 mai bismuth ake komawa.
Shi yana baƙanta bayan gida da harshe,
A gaya wa majinyaci, kar ya yi firgicewa.
Gwajin numfashi, yuriya ake sha,
Ƙwayar ta fasa ta, iskar ake aunawa.
A jira sati 4 bayan gama magani,
Omeprazole sati 2 a yi ajiyewa.
In ba haka ba ƙwaya ta yi likimo,
Gwaji ya ce babu, tana nan tana farfaɗowa.
Gwajin jini kuwa kar a nemi shi a nan,
Alamarta kan daɗe a jini bayan warkewa.