Linzamin laftof yana mutuwa bayan an rufe murfi a Ubuntu

Ɗalibi_Yamai:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Laftof ce mai Ubuntu 22.04. Faifan linzamin jikinta, wanda ake shafawa da yatsa, yana aiki lafiya lau in an kunna ta. Amma da zarar an rufe murfi ta yi barci, aka sake buɗewa, sai kibiyar ta tsaya cik. Linzamin waje na USB yana aiki. Sai an kashe an kunna take dawowa. Daga ina zan fara dubawa?

Mai_gyara_Yantala:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka taɓa komai, gano ta wace hanya faifan yake magana da na'urar. Danna Ctrl+Alt+T don buɗe Terminal, tagar rubuta umarni, ka rubuta:

`cat /proc/bus/input/devices`

Nemi wurin da aka rubuta Touchpad. A saman sunan akwai layi mai farawa da I: Bus. In ka ga 0011, tsohuwar hanya ce ta PS/2, direbanta (ƴar manhajar da ke sarrafa faifan) psmouse. In ka ga 0018, hanyar I2C ce, direbanta galibi i2c_hid_acpi. Nan ne mutane da yawa suke ɓata lokaci, su kwafo umarnin psmouse daga intanet alhali tasu I2C ce, su ce bai yi ba.

Kada ka dogara da `xinput list`. Ubuntu 22.04 galibi da Wayland (tsarin da ke kula da allo da linzami) take tashi, a ƙarƙashinsa xinput ba zai nuna maka ainihin faifan ba. Duba wannan ma:

`gsettings get org.gnome.desktop.peripherals.touchpad send-events`

Ya kamata ta ce enabled. In ta ce disabled-on-external-mouse, faifan zai riƙa mutuwa duk lokacin da ka jona linzamin waje.

Ɗalibi_Yamai:
Na gode Malam. 0018 na gani, kuma enabled ta ce.

Ƴar_Ader:
To direban ne bai farka tare da na'urar ba. In ya sake mutuwa, kada ka kashe ta, rubuta:

`sudo modprobe -r i2c_hid_acpi`
`sudo modprobe i2c_hid_acpi`

Na farko ya sauke direban, na biyu ya sake ɗora shi. In kibiyar ta motsa, ka kama bakin zaren. Don kada ka riƙa yin haka kullum, buɗe sabon fayil a `/lib/systemd/system-sleep/`, ka sa masa suna linzami, ka zuba wannan:

`#!/bin/sh`
`if [ "$1" = "post" ]; then modprobe -r i2c_hid_acpi; modprobe i2c_hid_acpi; fi`

Sannan `sudo chmod +x /lib/systemd/system-sleep/linzami`. Wannan mataki shi ake yawan mantawa, ba tare da shi ba systemd, manhajar da ke kula da barci da farkawar na'urar, ba zai kula fayil ɗin ba. Kalmar post tana nufin bayan farkawa. Mai 0011 sai ya sa psmouse a gurbin i2c_hid_acpi.

In kuwa matsalar ta faro ne bayan sabuntawa, riƙe Shift ko ka danna Esc lokacin tashi, ka shiga Advanced options for Ubuntu, ka zaɓi kernel (zuciyar Ubuntu mai ɗauke da direbobi) ɗin da ya gabata ka gwada.

Mai_gyara_Yantala:
Daidai ne Hajiya. Ƙari ɗaya ga wanda nasa faifan ba bayan barci kaɗai yake tsayawa ba. In kibiya tana rawa ko tsalle sai an jona caja, cire cajar ka gani; caja marar kyau tana rikita faifan, babu umarnin da zai gyara wannan. Kuma a laftof da yawa batir yana ƙarƙashin faifan ne. Zafin Afrilu da Mayu na Yamai yana wahalar da tsohon batir, ya kumbura ya turo faifan sama. Kalli na'urar daga gefe: in faifan ya ɗago, ko dannawa ta yi tauri, daina caji, ka kai a cire batirin. Kada ka danne shi da ƙarfi, kada kuma ka huda shi, yana iya kama wuta.