Neman kalmar Hausa: sararin da bututun gas ke bi a ƙarƙashin daɓe

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara littafin koyar da masu haɗa bututun gas a gidaje, kuma ranar Alhamis zan miƙa shi. Me zan kira "floor void", wato sararin da ke tsakanin katakon da ake takawa da ƙasa, ko tsakaninsa da silin ɗin ɗakin da ke ƙasa?

Injiniya: Kogon daɓe. Dole kalmar ta nuna wurin rufaffe ne, domin idan bututu ya yi yoyo, a nan gas zai taru ba wanda ya sani, musamman na tukunya, wanda ya fi iska nauyi. Dokar Birtaniya ta 1998 ta hana bi da bututu ta irin wannan wuri in iska ba ta ratsa shi sosai, sai in bututun na cikin wata kwaroro mai shan iska.

Malamin Hausa: Injiniya, da girmamawa, daɓe abu ne da aka daddaɓe ya kama ƙasa, ina ya samu kogo? Kogo na itace ne da dutse. Na ƙirƙiro "mashaƙa", wurin da gida ke shaƙar iska, a kan tsarin masaƙa da majema. Kuma shi kansa "gas" ɗin, don me ba za a ce iskar girki ba?

Hajiya: Malam, ɗalibi zai karanta mashaƙa ya zaci mashaƙo ake nufi. Ban da haka, sunan ya yanke hukunci cewa wurin yana shan iska, alhali abin da ake so ma'aikaci ya duba ke nan kafin ya sa bututu.

Malamin Hausa: Da haka ake kashe harshe, a bar wa masu sifana aikin nahawu.

Injiniya: Masu sifanar su ne za su cire katako su leƙa ciki da tocila, kuma su aka hana ɗaura mahaɗi mai noti a inda hannu ba zai sake kaiwa ba. Yau daɓen siminti da na katako duk daɓe ake ce musu.

Mai fassara: Na gode. Zan rubuta "kogon ƙarƙashin daɓe" da bayani a farkon babi, daga nan in ci gaba da "kogon daɓe". Gas kuwa yana nan.

Malamin Hausa: Ƙarƙashin ya rage ɓarnar, amma ban janye mashaƙa ba. Katakan da ke ɗauke da daɓen fa, kada ku ce mini ba azara ba ne.