Firamaren Turanci da Sinanci: yaro zai fito da harshe biyu ko rabi-rabi?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna birnin Guangzhou na ƙasar Caina. Ni dai ra'ayina kuma na tsaya a kai, duk wanda Allah ya hore masa kuma iyalinsa na nan tare da shi, ya sa yaronsa a firamaren da ake karatu da Turanci da Sinanci tare, ba ta Turanci zalla ba. Mu nan kullum cikin biyan tafinta muke, a masana'anta a yi magana kan kayanka a gabanka ba ka san me aka ce ba, a kawo takardar yarjejeniya ka sa hannu kan abin da ba ka iya karantawa. Yaro ɗan shekara 5 zai ɗauki yaren nan ba tare da wahalar da muke sha ba, ya fito da harshe biyu cif.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam Alhaji. Gaskiya ban yarda ba, taura biyu ba ta taunuwa. Awannin makaranta ba sa ƙaruwa don an ƙara harshe, duk lokacin da aka ba Sinanci daga Turanci aka yanko shi, kuma yaran nan ƙarshenta gida za su koma su zauna WAEC da JAMB da Turanci, babu mai tambayarsu yaren Caina a ɗakin jarrabawa. Sai ka kashe maƙudan kuɗi yaro ya fito Turancin bai nuna ba Sinancin ma bai nuna ba.

Maman Ummi: Ku yi haƙuri in sa baki tunda koyarwa ce sana'ata. Makarantun nan ba iri ɗaya ba ne, sunan ne kawai ɗaya. Akwai waɗanda darasin Sinanci guda suke yi a rana kamar yadda ake yin Faransanci a makarantun gida Najeriya, sai su rubuta harshe biyu a allon ƙofa. Akwai kuma na gasken, kamar Yew Chung da ta samo asali a Hong Kong tun 1932 kuma tana da rassa a Shanghai da Beijing, su malamai biyu suke sawa a aji ɗaya, ɗaya mai Turanci ɗaya mai Sinanci, su tsara darasi tare su koyar tare. A Landan ma akwai Kensington Wade da aka buɗe a 2017, rabin lokaci Turanci rabi Sinanci. A irin waɗannan ba wai koyon yaren kawai yaro yake ba, da yaren yake yin lissafi da waƙa da wasa, kuma a nan bambancin yake.

Ɗan Kwari: To Malama ai maganata kika tabbatar, rabin lokaci ya tafi kenan.

Maman Ummi: A'a Alhaji ba haka lissafin yake ba. A Kanada tun 1965 aka fara sa yara masu jin Turanci a ajin da ake koyarwa da Faransanci, an bi sawunsu shekara da shekaru, abin da aka gani shi ne da farko suna ɗan ja baya a karatu da rubutun Turanci, daga baya su kamo 'yan uwansu. Amma fa akwai abin da ya kamata Alhaji Baban Khalifa shi ma ya ji, yaran can Turancin suke yi a gida da iyayensu, harshe ɗaya ne baƙo a wurinsu. Namu Hausa suke yi a gida, kenan harsunan makarantar duka biyun baƙi ne, yaro zai dawo da aikin gida da Sinanci babu mai iya duba masa ko uwa ko uba. Wannan shi ne nauyin da babu mai faɗa maka ranar da ka je karɓar fom.

Injiniya: Ni a nan Caina na yi digiri, sai da na yi ajin koyon harshe kafin na shiga karatun sosai, kuma ina bayan Baban Khalifa amma ba don dalilin da ya kawo ba. Magana ba ita ce matsalar ba, yaran shago nawa ne a unguwar Xiaobei ta nan Guangzhou suke ciniki da Sinanci ba su taɓa shiga aji ba, mu Hausawa ma muna da ɗan sauƙi saboda harshenmu shi ma da hawa da saukar murya yake bambanta ma'ana, kunnenmu ya saba. Rubutun ne bala'in. Babu a, ba, ca, kowace alama sai ka haddace siffarta da yadda ake jan layukanta bi da bi, yaron Caina kafin ya gama aji shida ana so ya gane alamomi wajen 3,000. Makarantar koyar da jakadun Amurka ta ƙiyasta awa 2,200 na aji ga babba mai jin Turanci kafin ya iya Sinanci, Faransanci kuwa bai kai awa 800 ba. Babba mai shago da iyali ina zai samu wannan lokacin? Yaro kuwa yana da shekara shida a gabansa, kaɗan-kaɗan kullum. Wallahi abin da kake saya da kuɗinka kenan, karatu da rubutu, ba surutu ba.

Alhaji Babba: Duk na ji ku 'ya'yana. Babu wanda ya ambaci Alƙur'ani, babu wanda ya ambaci Hausa. Makarantar nan ba za ta koya masa alwala ba, tun safe sai yamma, ya dawo a gajiye ga aikin gida na harshe biyu, yaushe zai zauna gaban malami? Na ga yaran da suka je gida hutu kakarsu na yi musu magana suna kallonta, abin ya taɓa min zuciya ƙwarai.

Baban Khalifa: Baba wannan gaskiya ne, amma makarantar Turanci zalla ma ai ba ta koyar da alwala, nauyin nan a kanmu yake ko ina muka kai su. A gidana doka ce, da an shigo ƙofa Hausa kawai, bayan magariba kuma karatu, malaminsu daga Kano yake ɗora musu ta waya.

Alhaji Babba: Allah ya yi albarka, a dai riƙe da gaske, kuma a tambayi abincin da suke ba su da rana, in babu na halal a riƙa haɗa musu daga gida.

Injiniya: Wani abu kuma da mutane ke ruɗewa a kai, makarantun nan kashi biyu ne a dokar ƙasar. Akwai na 'ya'yan baƙi masu fasfo na waje, su ne ke da damar bin manhajar Ingila ko Amurka ko ta ƙasa da ƙasa da ake kira IB. Akwai kuma masu zaman kansu da ke ɗaukar 'yan ƙasa, waɗanda tun 2021 aka hana su amfani da littattafan karatu na waje a firamare da ƙaramar sakandare, manhajar Caina suke bi su ƙara Turanci a kai. A na biyun Sinancin ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba tunda abokan wasansa duk 'yan ƙasa ne, a na farkon kuwa za ka tarar yara a filin wasa Turanci suke yi. Sannan wanda ke tunanin Hong Kong ya sani can tsohon salon rubutu ake amfani da shi, ba sauƙaƙaƙƙen da ake yi a nan da Singafo ba.

Ɗan Kwari: Ku faɗi kuɗin mana. Manyan cikinsu sun haura yuan 200,000 a shekara kan yaro ɗaya, ban da mota da yunifom da abinci, mai yara huɗu fa? Sannan zamanmu a nan kan biza yake, bana an sabunta maka baɗi ba ka da tabbas. Yaro ya yi aji uku ku tattara ku koma Kano, wa zai ci gaba da shi? Cibiyoyin Confucius masu koyar da Sinanci na Jami'ar Legas da ta Nnamdi Azikiwe a Awka duk a kudu suke kuma a jami'a suke, ba wurin ɗan shekara 8 ba ne.

Maman Ummi: Nan kam ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Yaro yadda yake saurin ɗauka haka yake saurin zubarwa, musamman rubutun, in ya daina gani ya daina rubutawa sai ya gudu. Wanda ya san zamansa gajere ne ya sa shi ta Turanci ya ɗaukar masa malamin lesin na Sinanci ya fi masa. Wanda kuma ya ga zai kai ƙarshen firamare, in ya je makarantar kar ya tsaya kallon gini da wurin ninƙaya, ya ce a ba shi jadawalin mako ya ƙirga awannin Sinanci da idonsa, ya tambaya waɗanne darussa ake yi da shi, ya tambaya ko suna raba yara gwargwadon ƙarfinsu ko kuwa ɗanka da bai san komai ba za a haɗa da wanda aka haifa cikin yaren, kuma wane taimako suke ba yaron da ba Turanci ba Sinanci a gidansu.

Baban Khalifa: Madalla Malama. Ni dai nawa zaman mai tsawo ne in Allah ya yarda, ofis ɗina da rajista yake, don haka ina kan bakana, sai dai maganar mai duba aikin gida ta zauna min, Injiniya ko za ka samo mana ɗalibi ɗan gida Najeriya cikin masu karatu a jami'o'in nan da zai riƙa zuwa yana duba musu?

Injiniya: Akwai su Alhaji, zan yi magana da waɗanda suka wuce mataki na 5 na HSK, wato jarrabawar ƙwarewa a Sinanci, su ne za su iya da littattafan firamaren.

Ɗan Kwari: Allah ya taimaka Alhaji. Ni nawa suna Kano wurin mahaifiyarsu kuma can za su zauna su yi boko da Islamiyya, wanda ya gama sakandare yana sha'awar yaren in kawo shi nan ya yi shekarar koyon harshe kamar yadda Injiniya ya yi.