Musayar Waƙa: Me Mara Cin Nama Zai Ci a Butan?

Ƙanwa:
Sallama a gare ku 'yan uwa,
Ƙasar Butan ta tsaunukan Himalaya nake shirin zuwa,
Nama kuwa ba na taɓawa,
Wanda ya je ya ba ni amsa, ina cikin damuwa.

Yaya:
Ƙanwata ki kwantar da hankalinki,
Ema datshi ce za ta fara tarbarki,
Barkono da cuku, ita ce miyarki,
Ba ɗan kaɗan ake barbaɗa miki,
Barkonon ne zai cika kwanonki.
Jar shinkafar kwarin Paro ki ja ta gabanki,
Ita ke sanyaya yajin da ya kama harshenki.
In ya yi yawa, kewa datshi ce taki,
Dankali da cuku, mai sauƙi ga cikinki.

Inna:
Ɗana ka faɗi daɗi, saura gyara,
'Yata ki ba ni kunne, ki yi hattara,
Ki tambayi mai girki kafin ki fara.
Shakam busasshen naman sa ne, sukan ƙara,
Ya nutse cikin cuku, ido bai ankara.
Phaksha paa alade ne, kar ki matsa ki tara.
Momo, ƙullin fulawa mai haɗi a ciki, iri-iri za ki ga an jera,
Na kabeji da cuku ki ɗauka, ki bar saura.

Malam:
Inna ta yi gaskiya, ni ma na ga haka.
Yawancin 'yan Butan mabiya Buddha ne, ba sa son yanka,
Yawancin namansu daga Indiya ake ɗauka.
Wata na 1 da na 4 a lissafinsu akwai doka,
An hana sayar da nama, kowa ya san haka.
Ni da ban san hannun da ya yi yanka,
Sai na koma ga abin da manomi ya shuka.
Ki nemi kasuwar manoma a Timfu, babban birni, in kin sauka.

Ƙanwa:
Na gode Malam, Allah ya ƙara sani,
To abin sha fa, wanne zai karɓe ni?
An ce sanyin tsaunin zai iya kama ni.

Yaya:
Suja za ki sha da safe, da zafinta,
Shayi ne, man shanu da gishiri a cikinta,
Kurɓin farko baƙo kan yi mamakinta,
In sanyi ya taso shi da kansa zai nemi ta.
A yankin Bumthang ki ci puta, taliya ce, da hatsin yankin ake yin ta,
A kwarin Haa akwai hoentay, ganye da cuku ne cikinta.

Inna:
In an miƙo miki abinci a gidan mutane,
Ki rufe baki da hannu, al'adarsu ce tun da ne,
Ki ce meshu meshu, kara ce irin tamu, ladabi ne,
A tayi na biyu ki karɓa, ki ci a zaune.