Abin da Baƙo Zai Gani a Kano Idan Ya Bar Titi

Da aka tattauna yadda za a zagaya da baƙo cikin birni, yawancin mutane sun ce a ajiye mota, a shiga lungu da ƙafa. A tsofaffin unguwanni kusa da Kasuwar Kurmi ake samun zaure mai zanko da bango mai dagi, wasu har da hoton keke ko takobi da magini ya fitar da laka. Siminti na cinye su, wannan kuwa abin takaici ne ƙwarai.

Masu son marinar Ƙofar Mata sun ce a je da safe, lokacin da ake tsoma zane a baba, sannan a bi ƙarar bugu zuwa inda ake buga shadda har ta yi ƙyalli. Wani dattijo ya ƙara da Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer, Baturen da ake kira Ɗan Hausa, ya zauna, da Gidan Makama na zamanin Sarki Rumfa. Dutsen Dala kuma a bari sai la'asar.

An yi saɓani kan ɗaukar hoto. Ni dai ina tare da masu cewa a yi sallama, a gaisa, a nemi izinin mai gida tukuna.