Abin da muka tattara kan magana tsakanin likita da mara lafiya

Jama'a ga taƙaitaccen abin da ya fito daga hirar da muka yi kan yadda mutum ke ganin likita ya fito bai gane komai ba. Wata nas a cikinmu ta kawo binciken Beckman da Frankel na 1984 a Amurka, sun gano likitoci na katse mara lafiya bayan kamar sakan 18 da fara bayani, alhali wani binciken da aka yi a Basel ta Suwizalan a 2002 ya nuna in an bar mutum ya yi maganarsa yawanci ko minti 2 ba ya kaiwa ya gama, to don Allah likitocinmu ku ɗan daure ku saurara ko da layi ya kai bakin get.

Mu kuma marasa lafiya, shawarar da aka fi nanatawa ita ce ka fara da abin da ya fi damunka, kar ka bari sai ka miƙe za ka fita sannan ka ce "af likita, akwai kuma jini a fitsarina". Ka tafi da kwalayen maganin da kake sha har na kemis da jiƙon gargajiya, ɓoyewa ba ta da amfani wallahi.

In an rubuta magani ka maimaita wa likita da bakinka, sau nawa a rana, kafin abinci ko bayansa, kwana nawa. In kuma ka raka Baba ko Hajiya, ka bar su su faɗi ciwonsu da kansu tukuna.