Wace wuƙa zan saya don nutso, mai tsini ko maras tsini?

Sabon Shiga: Salam 'yan uwa. Na gama kwas ɗin nutso a nan Jidda, saura wuƙa. A shago an nuna min mai tsini da mai yankakken kai, sai kuma titaniyom mai tsadar tsiya. Wacce zan ɗauka?

Ɗan Fatakwal: Mai yankakken kai. Tunda ba harbin kifi za ka yi ba, me za ka soka?

Sarkin Ruwa: Ƙanena, bar zancen tsini tukuna, ka tambayi kanka me za ta yanka. Ni zaren fatsa ne ya naɗe min ƙafa da bakin tukunyar iska a gefen wani tsohon jirgi, irin lailon ɗin nan da ido ba ya gani a ruwa. Wuƙata doguwa ce, ɗaure a ƙwauri, zaren ya hana hannuna kaiwa. Da ƙyar na zaro ta, ashe tsatsa ta cinye bakin a cikin kube, zaren sai sulɓewa yake yi. Abokin nutsona ne ya datse shi da ɗan almakashi. Don Allah ka sayi gajera, mai haƙoran zarto a gefe ɗaya saboda igiya, da 'yar ƙugiyar nan ta yanka zare, ka maƙala ta a ƙirji inda kowane hannu zai kai. Mai tsini kuwa, wajen mayar da ita kube kana iya huda rigar iska, wadda ake hurawa don daidaita kai a ruwa, ko tiyon iska.

Sabon Shiga: Subhanallah. Allah Ya ƙara tsarewa, yaya.

Injiniya: Kan ƙarfe: nau'in stainless mai lamba 420 ya fi riƙe kaifi amma yana saurin tsatsa, mai lamba 304 ya fi jure gishiri amma yana saurin dakushewa. Titaniyom ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, sai dai wasa shi aiki ne. Ka tuna gishirin Bahar Maliya ya kusa giram 40 a lita, na sauran tekuna wajen 35.

Bakatsine: Nufawa dai da hannu suke kama kifi, ba su taɓa neman titaniyom ba.

Ɗan Bida: Kai da ko a rijiyar Kusugu sai an riƙe ka?

Bakatsine: Wannan ta Daura ce, malam.

Ɗan Fatakwal: Injiniya, titaniyom ɓarnar kuɗi ce. Wuƙar nutso ɓata take yi kafin ta tsufa. Ɗauraye ta da ruwan famfo, ka shanya ta a wajen kube, ka shafa man silikon, 420 ma za ta yi shekaru.

Injiniya: Mutum nawa ne ke yin hakan bayan sun fito a gajiye?

Hajiya Likita: Ni almakashin asibiti nake sawa a aljihu, yana yanka raga har da siririyar waya. In zai lalace ma araha ne.

Sabon Shiga: Anti, to in haɗa biyun ke nan?

Sarkin Ruwa: Haɗa. Kuma in za ka hau jirgin sama, a babbar jaka za ka sa su, kada a ƙwace.